Hayaƙinmu daidai hanci yake fita

Kwas ɗin shawo kan gurɓatar iska da nake koyarwa na 'yan ajin ƙarshe ne, kuma ba na dole ba ne. Wasu kan ɗauke shi don sun ji raɗe-raɗin cewa babu lissafi a ciki, kafin wata ya ƙare sun gane an yaudare su. Wasu kuma aikin kamfanin siminti ko na mai suke hange. Ko ma mene ne ya kawo su, abu ɗaya suke tararwa idan sun buɗe littafin da manhaja ta tanada: hoton doguwar hasumiyar hayaƙi ta tashar lantarki mai ƙona kwal, tsawonta ya haura mita 100, da tambaya a ƙasa wai a lissafa yawan gubar da za ta sauka a wani gari mai nisan kilomita kaza.

Littattafan nan kusan duk a Amurka ko Turai aka rubuta su, don amsa dokokin can, kuma ba ni da ja da ilimin da ke cikinsu. Damuwata ita ce yaron da ke zaune gabana bai taɓa ganin tashar kwal ba, ba lallai ne kuma ya gani ba har ya yi ritaya. Amma da safen nan a Adaidaita Sahu ya zo, suna biye da tirela tana bulbulo musu baƙin hayaƙi. Ya wuce juji yana ci da wuta. Jiya da dare janareton maƙwabci ne ya kwana yana huci a ƙarƙashin tagarsa, tuwon da ya girma a kai kuwa a murhun itace aka tuƙa shi. Mu hayaƙinmu daidai hancin mutum yake fita. Mafi yawan abin da nake yi a zangon karatun nan ƙoƙari ne na sauko da lissafin littafi daga mita 100 zuwa mita 2.

Ba na farawa da na'urori, duk da su ɗaliban ke ɗokin gani. Makonnin farko a kan girman ƙwayar ƙura muke cinye su, domin wanda ya gane wannan ya ci rabin kwas ɗin. Ma'aunin shi ne maikiromita, kashi ɗaya cikin dubu na milimita. Silin gashin kan mutum kaurinsa tsakanin 50 ne zuwa 70. Abin da ake kira PM10 ƙwayoyi ne da ba su wuce 10 ba, PM2.5 kuma waɗanda ba su wuce 2.5 ba. Manyan, hanci da maƙogwaro ke tare su, su fito cikin majina da kaki. Ƙananan su ne ke zarcewa har ƙurewar huhu inda iska ke haɗuwa da jini. Baligi yana shaƙar iskar da ta haura lita 10,000 a yini, saboda haka ɗan abin da ke cikin kowace lita ba ƙarami ba ne idan an tara.

Daga nan sai dokar da masanin kimiyya George Stokes ya fito da ita a 1851, wadda ta ce gudun saukar ƙaramar ƙwaya a cikin iska yana tafiya ne da murabba'in kaurinta. Ka rage kaurin sau goma, gudun ya ragu sau ɗari. Nakan sa su yi lissafin da hannunsu, ban yarda a kwafo daga jadawali ba. Ƙwaya mai nauyin ruwa, a ɗakin da iska ba ta motsi: mai kaurin 100 tana saukowa mita ɗaya cikin daƙiƙa huɗu ko makamancin haka. Mai kaurin 10 sai ta yi sama da minti biyar. Mai kaurin 1 kuwa kusan awa takwas take ɗauka kafin ta sauko wannan mita ɗayan, kuma a waje, inda iska ba ta taɓa tsayawa cak, kwanaki take yi tana yawo. Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da mata suna shiƙar gero ya riga ya ga dokar nan da idonsa: tsabar ta zube nan gindin mai shiƙa, ƙaiƙayi ya ɗan matsa gaba, ƙurar kuwa ta tsallake dangar maƙwabta. Kowace na'urar kama ƙura da za mu karanta dabara ce kawai ta tilasta wa wannan ta ukun ta sauka a inda muke so.

Sa'ar da muka yi ita ce zangon yakan faɗo cikin hunturu, wato ɗakin gwajin yana zuwa ya same mu har aji. Hazon da ke rufe gari ya hana jiragen sama sauka, babban kasonsa daga kwarin Bodele yake tasowa, a arewacin Chadi. Wurin gindin wani ƙaton tafki ne na zamanin da, wanda Tafkin Chadi na yau ɗan ragowarsa ne. Da ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi, iska kuma takan matso ta tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi da ƙarfi ta yayyafo ta sama. Wata ƙurar a kan teburinmu take sauka, wata sai ta tsallake Tekun Atlantika. Nakan rubuta musu ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 a allo: PM2.5 kada matsakaicinsa na shekara ya wuce maikirogiram 5 (maikirogiram shi ne kashi ɗaya cikin miliyan na giram) a kowace mita kubik ta iska, na yini kada ya wuce 15, PM10 kuma 15 a shekara da 45 a yini. Sai in ce su leƙa taga.

A nan ne wani yakan ɗaga hannu, kowace shekara sai an samu. "Malam, tunda ƙurar daga Chadi take zuwa, wa za mu kama?" Tambaya ce mai kyau kuma ba na gaggawar kashe ta. Babu injiniyan da zai sa wa Sahara matata. Abin da ke hannunsa a lokacin hunturu kariya ce: tace iskar da ke shiga ɗakin tiyata, da wadda ke shiga injin, da sanin irin takunkumin da ke tare ƙananan ƙwayoyi da wanda ado ne kawai. Amma hunturu wata uku ne ko huɗu. Hayaƙin taya da ake babbakar kai da ƙafa da shi a mahauta, da na leda a juji, da na dizal, waɗannan babu ruwansu da kalanda, ƙwayoyinsu mafi yawa ƙasa da maikiromita ɗaya ne, kuma ɗauke suke da baƙin ƙunci da sinadarai masu jawo ciwon daji. Waɗannan mu ne ke kunna su. Ban son ɗalibi ya fita daga ajina yana fakewa da Chadi.

Akwai aikin gida guda da ba ya buƙatar biro. Nakan ce kowa ya fito bayan sallar asuba a watan Disamba, ya nemi wuri mai ɗan tudu, ya tsaya ya kalli hayaƙin unguwa. Abin da za ka gani shi ne hayaƙin gidan burodi ya fito daga bututu, ya ɗan tashi kamar kamu biyu, sai ya karye ya kwanta a miƙe, ya shimfiɗu bisa rufin gidaje shuɗi-shuɗi, na masu ƙosai da na masu shayi su taso su haɗe da shi. Kan bishiyar darbejiya yana waje tas, gindinta yana cikin hayaƙi. Dalili kuwa, da dare idan sama ta yi garau ƙasa takan saki zafinta da sauri, iskar da ke manne da ita ta fi ta sama sanyi da nauyi, babu abin da zai ɗaga ta. Sai hantsi ya dubi ludayi, rana ta gasa ƙasa, sannan murfin ya buɗe. Bayan sun gani da ido nake kawo rabe-raben yanayin iska na masanin yanayi Pasquill, daga A, iskar da ta fi gauraya, zuwa F, wadda ta fi kwanciya, da lissafin yaɗuwar hayaƙi, kuma a lokacin haruffan sun daina zama abin hadda. Daga wannan kallon kaɗai ɗalibi zai gane cewa mafi munin lokacin cinna wa shara wuta shi ne gab da magariba, wanda kuma shi ne daidai lokacin da jama'a suka fi cinnawa.

Irin wannan murfin ne ya rufe Landan daga 5 zuwa 9 ga Disamba, 1952. Ƙididdigar farko ta ce mutum 4,000 suka mutu, binciken baya ya kai adadin kusan 12,000. Abin da nake jan hankalinsu a kai shi ne babban kaso na hayaƙin daga murhunan kwal na gidajen mutane ya fito. Dokar tsabtace iska ta 1956 ta ware unguwannin da aka hana ƙona makamashi mai hayaƙi, ta kuma tallafa wa masu gida da kuɗin sauya murhu. Wato ko a can ɗin da littafin ya fito, sai da aka sauko ƙasa aka shiga gidaje.

Sai na'urori. Manyansu huɗu ne, kuma nakan bi ta kansu yadda manhaja ta ce. Saikulon, wato na'urar guguwa, gwangwani ne mai tsinin mazurari a ƙasa: iska ta shiga ta gefe da gudu tana juyawa, ƙura ta bugi bango ta zame ƙasa, iska ta fita ta sama. Ba shi da abin da ke motsi a ciki, ba shi da tsada, amma gwanintarsa a kan manyan ƙwayoyi ce, ƙananan wucewa suke abinsu. Matatar buhuna jerin dogayen buhunan yadi ne da iska ke ratsawa, tana kama sama da kashi 99 cikin 100 har da ƙananan, sai dai ba ta son laima kuma zafi mai yawa yana cinye yadin. Akwai na'urar kama ƙura da lantarki, wadda Frederick Cottrell ya fito da ita a Amurka a 1907, tana ɗora wa ƙwayoyi caji su manne a faranti. Sai mai wanke hayaƙi da feshin ruwa, wadda ke iya kama har da iskar gas irin ta farar wuta. Wanda ya yi SIWES, wato zaman koyon aiki na ɗalibai, a kamfanin siminti na Ashaka ko Kalambaina ko Obajana ya ga wasu daga cikin waɗannan a tsaye, shi nake sa wa ya zana wa 'yan'uwansa abin da ya gani.

Lissafin mai lantarkin yana da wani darasi da nake so. Idan faɗin faranti kaza ya ba ka kashi 90, to don ka kai 99 sai ka ninka farantin sau biyu, don ka kai 99.9 sai sau uku. Ɗigon ƙarshe shi ne mai tsada. Matatar buhuna kuma tata koyarwar daban: a ce tana kama 99.9, sai buhu ya yage har kashi 1 cikin 100 na iskar ya riƙa wucewa ba tacewa, abin da ke fita ta bututu ya ninka kusan sau goma sha ɗaya. Buhun canji kuwa da dala ake sayo shi.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Duk na'urorin nan huɗu fanka ce ke tura musu iska, fanka kuma wuta take ci. Littafi yakan ba wannan layi biyu ya wuce, don marubucin bai san ana ɗauke wuta ba. Mu mukan zauna a kai. Iskar mita kubik ɗaya a daƙiƙa, juriyar faskal 1,000, wato matsin da fanka ke buƙata don tura iskar ta ratsa na'urar, fanka mai ingancin kashi 60: kilowat 1.7 ke nan, kowace awa, muddin injin na aiki. Wanda ya ce zai ninka gudun iskar a cikin saikulon don ya kama ƙananan ƙwayoyi, juriyar za ta ninka sau huɗu, wutar sau takwas. Wannan wutar daga ina? A mafi yawan ƙananan masana'antunmu daga janareton dizal ne, wanda shi ma hayaƙi yake fitarwa, kuma mai wurin yana ƙirga kowace lita. Sai in ba su lissafi mafi sauƙi a duk kwas ɗin. Na'ura mai kama kashi 99, wadda ake kashewa awa 8 cikin 24 don tsimin mai alhali masana'anta na aiki, a haƙiƙa kashi 66 take kamawa. Saikulon ɗan talaka mai kama kashi 85 da ba a taɓa kashewa ya fi ta. Ajin yakan yi tsit, domin duk shekarunsu a jami'a an koya musu cewa lamba mafi girma ita ce amsa.

Shi ya sa aikin rukuni na kwas ɗin ba a takarda yake ƙarewa ba. Kowane rukuni zai zana ƙaramin saikulon, ya kai wa mai walda a yanka a haɗa. A nan ɗan jami'a ke gane cewa zanen da ya sha maki a ofis, mai walda zai juya shi sama da ƙasa ya ce, "Injiniya, wannan mazurarin ta ina zan lanƙwasa shi?" Na fi son su je da kansu su tsuguna a gefensa. Ma'aunin juriyar iska kuwa ba ma saye. Robar ƙarin ruwa ta asibiti muke lanƙwasawa kamar harafin U a jikin katako, a zuba ruwa da ɗigon tawada, a manna rula a tsakiya. Bambancin santimita 10 tsakanin hannayen biyu daidai yake da kusan faskal 1,000. Idan an kunna fanka sai in kunna turaren tsinke in bi da shi ta bakin bokitin da ke tara ƙurar a ƙasa. Inda duk murfin bai zauna ba, za ka ga siririn hayaƙin turaren ya karkata ya shige ciki. Wannan 'yar kafar iskar da take zuƙowa tana tayar da ƙurar da aka riga aka kama ta mayar da ita sama. Tsohuwar robar tayar keke da aka yanka aka naɗa a bakin murfin takan gyara abin da lissafin shafi uku bai gyara ba. Haka ma tudun walda da aka bari a cikin gwangwanin ba a goge ba.

Wani rukuni ya kai nasa wani injin gyaran shinkafa a bayan gari, inda ma'aikata ke fitowa fari fat har gashin ido. Mai wurin dattijo ne, ya saurari bayanin yaran har ƙarshe, ya zagaya gwangwanin, ya ƙwanƙwasa shi da zobe, sannan ya juyo wurina.

"Dakta, wannan abin naku yana shan mai?"

"Yana sha, Alhaji. Fankar ce."

"To me zai dawo mini da shi?"

Ɗaya daga cikin ɗaliban ya fara maganar huhun ma'aikata, dattijon ya gyaɗa kai irin na wanda ya ji wa'azi. Wata ɗaliba ce ta buɗe bokitin ƙasa, ta damƙo abin da ke ciki ta miƙa masa. "Baba, wannan dusa ce mai laushi. Da iska ke kwashe ta. Masu kaji da masu kiwo saye suke." Ya murza ta a tafin hannu, ya shinshina, ya tambayi buhu nawa za ta tara a mako. Daga nan hirar ta zama ta ciniki. Ban ga laifin dattijon ba ko kaɗan. Haka abin yake ko a manyan kamfanoni: ƙurar siminti siminti ce, wanda ya kama ta ya mayar cikin injin kayansa ya ceto. Inda ƙura kuɗi ce, ba a jiran hukuma. Inda hayaƙi ba shi da mai saye, kamar na taya da na dizal, a nan ne sai doka ta tsaya da ƙafarta, kuma ya kamata injiniya ya san a wanne ɓangaren matsalarsa take tun kafin ya ɗauki biro.

Wata tambayar da ba na bari a tsallake ita ce: bayan ka kama, ina za ka kai? Mai wanke hayaƙi da ruwa ba ta ɓatar da gubar, cikin ruwa take mayar da ita. Idan ruwan kwata ya bi ya gangara rafin da ake ban-ruwan latas da shi, an gudu ba a tsira ba. Balle ma a watan Afrilu, a garin da ake sayen ruwa a kura, wa zai ba ka ruwan fesa wa hayaƙi?

Darasin da ya fi yi mini nauyi shi ne na Zamfara. A 2010 likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, suka lura yara ƙanana na mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum, da suma da jijjiga. Gubar dalma ce. Duwatsun da ake haƙowa don neman zinari suna ɗauke da dalma mai yawa, ana kawo su cikin gari a daka a niƙa a busassu, wani lokaci a cikin gida, da irin injin da ake niƙa hatsi. Ƙurar ta sauka a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Sama da yara 400 suka rasu. Sai da aka bi gida-gida ana kankare ƙasar sama ana zuba sabuwa. Bagega ma ba a samu share ta ba sai 2013. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka mutu. Nakan tambayi ajin wace na'ura za su zana wa wannan. Sukan fara da matatar buhuna. A ƙauyen da ba lantarki? Wa zai zazzage buhunan, ina zai zuba abin da ya zazzage? A hankali suke isowa inda masu aikin suka isa: a fitar da niƙan daga cikin gari, a niƙa da ruwa don kada ƙurar ta tashi tun farko, mai aiki ya wanke jikinsa ya canza tufafi kafin ya shiga gida ya ɗauki ɗansa. Babu ɗayan waɗannan da ke da lissafi mai burgewa, kuma ina jin shi ya sa muke raina su a tsangayar injiniya.

Akwai lakca guda da ba ta cikin manhaja, amma ba na fasa ta. A kan janareto ce. Iskar kabon monoksaid ba ta da launi, ba ta da wari, kuma jini ya fi son ta fiye da iskar oksijin sau sama da 200. Mutum yakan ji ciwon kai da kasala, ya kwanta, shi ke nan. Duk damina sai an ji labarin iyalin da aka wayi gari an tarar sun mutu, an shigo da janareto cikin falo ko lungun ɗaki don gudun ruwa ko ɓarawo, sai a ce guba aka sa musu a abinci ko a ɗora wa aljanu. Shawarar masana ita ce a ajiye shi a fili, nesa da ƙofa da taga da kamar mita 6. Nakan ce musu wannan ku kai gida yau, kada ku jira jarrabawa. Ɗan ƙaramin janareton nan kuma da ake haɗa masa fetur da baƙin mai, wani ɓangare na man ko ƙonewa ba ya yi yake fita ta salansa. Shuɗin hayaƙin da kuke gani ke nan.

Motoci nakan bi ta kansu da sauri, don wani kwas ɗin ya taɓa su. Abu biyu kawai nake nanatawa. Na farko, abin nan na cikin salansa da makanikai ke kira indomi, wanda ake ɓallewa a sayar saboda ƙarafa masu daraja irin su filatinom da ke jikinsa, shi ne ke mayar da mafi yawan gubar hayaƙin mota marar illa. Motar da aka cire wa shi ta koma zamanin kafin 1975, lokacin da aka fara sa wa motoci shi. Na biyu, na'ura ba ta fin man da aka ba ta. A 2016 ma'aunin Nijeriya ya yarda dizal ya ɗauki farar wuta har kashi 3,000 cikin miliyan, alhali Turai ta tsaya a 10. A 2020 ne ƙasashen ECOWAS suka amince da 50. Mai irin na da yana kashe matatar hayaƙin motar zamani, saboda haka wani gyaran a matatar mai da tashar jiragen ruwa ake yin sa, ba a gareji ba.

Makon doka shi ne wanda suka fi hamma a ciki, ni kuwa ina ganin nan ne za a fi gwada su. Nijeriya ba ta da hukumar kare muhalli ta tarayya sai da aka jibge gangunan shara mai guba daga Italiya a garin Koko a 1988, sannan aka kafa FEPA a shekarar. NESREA ta gaje ta a 2007, kuma dokar da ta kafa ta ta cire harkar mai da gas daga hurumin ta. Ƙona iskar gas a rijiyoyin mai tun 1984 ya kamata a ce an daina bisa dokar 1979, har yau wutar na ci. A ƙarshen 2016 ne mutanen Fatakwal suka fara share baƙin ƙunci daga kan gadajensu. Takardun doka ba su yi mana kaɗan ba. Abin da ke tsakanin takarda da iska shi ne aune-aune, kuma kowane rahoton aune akwai injiniyan da ya sa hannu a ƙasansa.

Don haka nake ba su labarin Volkswagen. A 2015 aka bankaɗo cewa kamfanin ya sa wa motocinsa na dizal kusan miliyan 11 wata manhajar kwamfuta da ke gane lokacin da ake gwada motar, ta rage hayaƙi, idan an hau titi kuma ta saki, har ninki 40 na abin da dokar Amurka ta yarda na iskar naitirojin oksaid. Waɗanda suka fara ganowa 'yan ƙaramar tawaga ce a Jami'ar West Virginia, da suka ɗaura na'urar aune a bayan mota suka hau hanya. A 2017 kotu ta ɗaure ɗaya daga cikin injiniyoyin kamfanin wata 40, kuma cewa umarni aka ba shi bai fitar da shi ba. Namu salon ba ya buƙatar manhaja: a kunna matata ranar da masu duba za su zo, a kashe bayan motarsu ta fita get. Wata rana manaja zai turo wa ɗayansu takarda ya ce sa hannu, yana da mata da yara da kuɗin haya a kansa. Ba na yi musu alkawarin abin zai zo da sauƙi.

Kayan aune na gaske, irin wanda ake zura wa bututu a zuƙo samfur, tsadarsa ta fi ƙarfin sashenmu, don haka da ƙananan na'urori masu hasken leza muke aiki, waɗanda ake sayowa ta intanet. Suna da halinsu: laimar damina tana sa su ƙara lamba, manyan ƙwayoyin hunturu kuma ba sa ganinsu sosai. Nakan sa a jera su wuri ɗaya tukuna a ga yadda suke saɓa wa juna kafin a raba su, ɗaya kicin ɗin masu abinci, ɗaya bakin titi, ɗaya bayan ɗakin janareto. Kusan kullum na kicin ne ke ba su mamaki, su da suka zaci titi zai zo na ɗaya.

Tambayar ƙarshe a jarrabawa takan zo da siga irin wannan: gidan burodi a tsakiyar unguwa, tanda ta itace, wutar lantarki ba tabbas, maƙwabta sun kai ƙara wurin mai unguwa, ga iya kuɗin da mai gidan zai iya fitarwa. Me za ka yi? Wanda ya zana mini na'urar lantarki ta Cottrell, komai tsabtar lissafinsa, rabin maki yake samu. Wanda ya fara da tambayar ko itacen busasshe ne, ko iska na isa cikin tandar yadda wutar za ta ci sosai, ko za a iya ƙara tsawon bututun ya wuce rufin benen da ke kusa, da ƙarfe nawa ake kunna wutar, da kuma nawa gas zai ci idan aka kwatanta da itace a wata, sannan ya kawo lambobi a kan kowanne, shi ke tafiya da makin. Bara wata ɗaliba ta ƙara da lissafin kuɗin share bututun duk wata da sunan wanda aikin zai rataya a wuyansa, abin da ban ma sa a takardar amsoshina ba. Na ƙara shi a ta bana.